Gangar da Aka Kama a Bahiya

Yaron da ya tashi a Kiyawa a shekarun 1960 bai san kiɗa marar ubangida ba. Gangar noma ta manoma ce, ana bin 'yan gayya da ita kunya-kunya, ana kiran sunan wanda ya fi cin ƙasa da garma. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, in dare ya yi kuma ya koma dandalin 'yan mata. Maƙera suna da dundufa, 'yan bori suna da garaya, algaita ba ta kuka sai an hango rawani. Ko matan cikin gida da ke kife ƙwarya a kan ruwa suna bugawa, akwai wadda ake yi dominta, amarya ko mai jego. Manyan da muke ji a Rediyon Kaduna ma haka suke. Ɗanƙwairo yana da sarakunansa, Shata yana da attajiransa da direbobinsa, Haruna Uji na Haɗeja yana da gurminsa da mutanen da yake ambato. In ka jiyo kiɗa daga nesa, abin da za ka fara tambaya shi ne wa ake yi wa.

A ƙarshen 1975 na fara jin kiɗan da wannan tambaya ba ta kama shi ba. Mahaifina yana da wata rediyo mai cin manyan batura, mun ɗaura mata waya har saman darbejiyar ƙofar gida. Dattawa su saurari labaran Landan, su yi sharhinsu, su watse, su bar mana ita da gargaɗin kada mu cinye batir. Mu kuwa sai mu hau murɗa ta a gajeren zango. Can tsakar dare, musamman da hunturu, tashoshi masu nisa kan shigo tar na ɗan lokaci kafin iska ta tafi da su. A cikinsu akwai masu wani harshe da bai yi kama da Turanci ko Faransanci ko Larabci ba, ana yin sa ta hanci. Kiɗansu gita ce mai saurin yatsa, ganguna a ƙarƙashinta, da wani abu da ake kankarewa ƙar-ƙar-ƙar ba hutawa. Muryar mawaƙin kuwa ta mai ɓacin rai ce, ko da kiɗan na rawa ne. Wani malamin firamarenmu da ya yi zaman kudu shi ya gaya mana cewa harshen Fotugal ne, kuma da shi Angola take magana da duniya.

A lokacin Angola tana bakin kowa. Ta sami 'yanci ran 11 ga Nuwamba 1975 ana tsakar yaƙi, sojan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shigo mata, gwamnatin Janar Murtala kuma ta fito fili ta goyi bayan jam'iyyar MPLA ta Agostinho Neto. Ran 11 ga Janairu 1976 Murtala ya tsaya a taron shugabannin Afirka a Adis Ababa ya nuna wa Amurka cewa zamanin ba mu umarni ya wuce. Bayan wata guda da kwana biyu aka kashe shi. A majalisar ƙofar gidanmu, mutanen da ba su taɓa wuce Wudil ba suna ta musu a kan Neto da abokin gabarsa Savimbi.

Sai da na shiga karatun tarihi na gane cewa irin kiɗan nan wani reshe ne na yaƙin. Sunansa semba, kiɗan unguwannin talakawan Luwanda, abin kankarewar nan kuma dikanza, doguwar gora mai tsage-tsage. Tun 1947 ƙungiyar Ngola Ritmos ta fara ɗora waƙoƙin harshen Kimbundu a kan gita, a zamanin da Turawan mulki ke ɗaukar harshen ɗan ƙasa abin kunya. A 1959 aka kama jagoranta Liceu Vieira Dias, daga baya aka kai shi kurkukun Tarrafal a tsibiran Kabo Verde. Mawaƙi Bonga mai dusasshiyar murya gwanin tseren mita 400 ne a Fotugal kafin ya tsere Holan ya yi faifan Angola 72, wanda ya sa aka ba da sammacin kama shi. Ita kanta daular Fotugal, waƙa ce ta zama alamar faɗuwarta. Hafsoshin da suka kifar da gwamnatin Lisbon ran 25 ga Afrilu 1974 sun yi alkawari da juna cewa in gidan rediyo ya saka waƙar José Afonso mai suna "Grândola, Vila Morena" cikin dare, to kowa ya fito da sojansa. Mu da badujalar soja muke sanin an yi juyin mulki, su da waƙar mutumin da gwamnati ta tsana suka fara nasu. Kafin 1975 ta ƙare, Gini-Bisau da Mozambik da Kabo Verde da Sawo Tome da Angola duk sun kuɓuce.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne makomar wasu daga cikin muryoyin nan. David Zé da Urbano de Castro da Artur Nunes sun yi wa gwagwarmayar waƙa da zuciya ɗaya. Bayan rikicin cikin jam'iyyar MPLA na 27 ga Mayu 1977, dukansu uku suna cikin dubban da aka kashe. Maroƙinmu in ya ɓata da ubangidansa, yakan ɗauki gangarsa ya koma wata fada. Su ƙasa suka yi wa waƙa, da ƙasar ta faɗa hannun jam'iyya ɗaya babu inda za su koma.

A ƙarshen 1976 kawuna ya tafi da ni Ikko. Fataucin shanu yake yi, yana saye a Wudil da Maigatari yana kaiwa kudu, yana kuma bukatar mai riƙe masa littafin bashi. Muka sauka a zangon Agege. Zuwanmu ya yi daidai da FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, zamanin Janar Obasanjo. Ƙasashe fiye da hamsin suka turo mutane, aka gina babban ɗakin wasa a Iganmu, aka gina wa baƙi unguwa sukutum a kan hanyar Badagry. Baƙi sai da nama. Wani mahauci da ke ɗaukar shanun Kawu bashi ya sami aikin kai nama can, ni kuma nake bin motarsa da littafi don kada lissafi ya ruɗe. Ta haka ɗan Kiyawa ya shiga inda sai mai kati.

Wata la'asar, muna jiran a sa mana hannu a takarda, na jiyo kiɗa a bayan wani bene. Mutanen Barazil ne suke motsa hannu. Wasunsu baƙaƙe wuluk, wasu wankan tarwaɗa, ba wanda ya yi shigar wasa. Ɗaya ya rataya ƙatuwar ganga yana dukanta a hankali da gula mai laushin kai, ita ce ke riƙe da kowa. Ɗaya yana da ɗan tambari mai ƙarafa a gefe yana juya shi da tafin hannu da babban yatsa. Akwai mai tagwayen ƙararrawar ƙarfe, wadda direbanmu Bayarabe yana gani ya kira sunanta da harshensu, su ma suka amsa da sunan nan. Akwai wata ganga da ake zura mata hannu ta ciki ana murza ɗan tsinke, tana kuka tana dariya. Amma wanda ya tsayar da ni mai baka ne. Baka sosai irin na maharbi, tsirkiyarsa waya, an ɗaure masa ƙoƙon duma a gindi. Mutumin yana dukan wayar da siririn tsinke, yana matsa mata ɗan dutse, yana manna bakin ƙoƙon a cikinsa yana ɗagawa, sai sautin ya buɗe ya rufe. Berimbau ke nan, kiɗan da ake yi wa wasan kokawar nan tasu, capoeira.

Ya ga na ƙura masa ido, ya miƙo mini. Duman irin wanda muke shukawa a bayan danga ne. Ta bakin wani jami'i da ke yi musu tafinta ya tambaye ni ko ni Bayarabe ne. Na ce Bahaushe ne. Sai ya buga tsalle ya kira 'yan'uwansa, suna maimaita sunan, ɗaya yana nuna loma da hannu. Tafintan ya ce a garinsu, Salvador ta jihar Bahiya, akwai wani abinci, shinkafa da busasshen nama, da ake kira shinkafar Hausawa. Na tambaya a ina suka san Hausawa. Ya ce an kai su can bauta, kuma sun yi suna wajen tawaye.

A cikin wannan tawaga akwai Gilberto Gil da Caetano Veloso, manyan mawaƙan Bahiya da gwamnatin sojan ƙasarsu ta taɓa tsarewa har suka yi gudun hijira zuwa Landan. Gil ya je gidan wasan Fela, ya koma gida ya fitar da faifan Refavela a shekarar, kuma daga 2003 zuwa 2008 shi ne ministan al'adun Barazil. A bikin nan ne kuma aka hana Abdias do Nascimento, ɗan Barazil da ke koyarwa a Jami'ar Ife a lokacin, gabatar da takardarsa da ke ƙaryata cewa babu wariyar launi a Barazil. Gwamnatin Barazil ta yarda a turo ganguna, ba ta yarda a faɗi halin da masu gangunan ke ciki ba.

Da dare na ce, "Kawu, ashe an kai Hausawa har Barazil?"

Ya ce, "In labari kake so, gobe ka kai wa Alhajin cikin gari ragunansa, ka tambaye shi. Kakanninsa daga can suka dawo."

Alhajin dattijo ne mai sunan Musulmi a gaba da sunan Fotugal a baya, yana jin Hausar kasuwa. Gidansa yana unguwar da ake kira Popo Aguda a tsibirin Ikko. Da ya ga da gaske nake sai ya ɗauki sandarsa ya zagaya da ni. Ya nuna mini dandalin Campos, da gidan iyalin Rocha a titin Kakawa wanda ake kira Gidan Ruwa, da masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda wani magini cikin waɗanda suka dawo daga Barazil, João Baptista da Costa, ya gina. Ya ce, "Ɗana, waɗanda jirgi ya dawo da su ba Yarabawa kaɗai ba ne. Akwai naku, akwai Nufawa, akwai Barebari. Ka dawo da bikin Ista ka ga abin da suka zo da shi."

Na koma. Unguwar ta cika maƙil, 'yan badujala a gaba, samari sun rufe fuska sun sha tufafi masu walƙiya, tsofaffin mata suna rera wasu waƙoƙi da harshen da jikokinsu ba sa ji. A tsakiya ga sa na ƙarya, an ɗinka shi da ƙyalle a kan firam, mutum a ciki yana kai karo yara suna watsewa. Alhaji ya ce a Barazil wasan sunansa bumba-meu-boi, labarin bawa ne da ya yanka san ubangidansa don matarsa mai ciki tana kwaɗayin harshe, aka kama shi, sai aka yi ta magani har san ya tashi. Na tsaya ina kallo, ni da na wuni ina ƙirga shanu, na ga mutane sun ɗauko wasa daga wata nahiya sun riƙe shi shekara fiye da ɗari. Na kasa kunne ko zan ji wani abu namu a ciki, ko karin kalangu, ko zuga irin ta sanƙira. Ban ji ba.

Bayan na dawo gida na kama aikin koyarwa, na yi ta bin wannan zare duk inda na ga bakinsa. Barazil ta karɓi bayi 'yan Afirka fiye da miliyan huɗu, ta fi kowace ƙasa, ita ce kuma ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, a 1888. Hausawa sun fara isa Bahiya da yawa ne bayan 1804. Yaƙe-yaƙen jihadi sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, ana gangarawa da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku, inda jiragen Bahiya ke jira da taba. Wannan gefe ne na tarihinmu da ba mu cika son kallo ba. Hausawan ba su daɗe ba suka fara shirin tawaye. A watan Mayu 1807 wani ya tsegunta wa gwamna, Conde da Ponte, cewa Hausawa za su tashi. Aka kewaye gidan da suke taruwa, aka sami kibau 400, da sanduna da igiyoyin yin baka, da wuƙaƙe, da bindigogi, da ganga ɗaya. Takardar da ta ba da rahoton, ganga kawai ta ce. Amma wanda ya tara kibau 400 bai ajiye ganga don biki ba.

Sun sake tashi a 1809, suka sake a 1814 a Itapuã, unguwar masunta. Gwamnonin kansu sun rabu a kan kiɗan bayi. Ponte yana ganin duk taron ganga share fagen tawaye ne, ya murƙushe shi. Conde dos Arcos da ya zo a 1810 ya bari a yi a ranakun hutu, a bisa lissafin cewa in kowace ƙabila tana kiɗanta daban za su riƙa tuna tsohuwar gabarsu, ba za su haɗa kai ba. Babban tashin shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, wanda ake kira tawayen Malê. Musulmi ne suka shirya shi, yawancinsu Yarabawa, amma cikin malamansu akwai Bahaushe, 'yantaccen bawa mai sayar da taba, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará. Mutum wajen 600 suka fito da fararen riguna da layu, aka kashe kimanin saba'in. Bayan haka aka yi ta bulala da ɗauri da kora zuwa Afirka, mallakar takarda mai rubutun Larabci ta zama abin tuhuma. Daga irin waɗannan korarru da masu bin sawunsu unguwar Alhaji ta samu.

To, me ya sa kunnena bai sami komai ba? In ka saurari Barazil, Yarabawa suna nan a fili: gangunan bautar candomblé guda uku, ƙararrawar nan, da karin ijexá da ƙungiyar Filhos de Gandhy ta 1949 ke yawo da shi a bikin kanibal, wanda sunansa ma daga Ijesha yake. Mutanen Angola da Kwango suna nan a samba da berimbau da capoeira. Namu kuwa sai shinkafa, sai layu a gidan tarihi, sai jerin kalmomin Hausa da likita Nina Rodrigues ya tattara daga bakin tsofaffin ƙarshe a Salvador wajen ƙarshen ƙarni na 19. Francis de Castelnau, jakadan Faransa a Bahiya, ya zauna da bayi Hausawa ya buga hirarsu a 1851, amma abin da ya dame shi hanyoyi ne da garuruwa da tatsuniyar mutane masu wutsiya.

Ga yadda nake gani. Yawancin waɗanda aka kai maza ne, mutanen fagen yaƙi, ga kuma ƙarancinsu in an gwada da sauran. Waƙar reno da ta niƙa da ta daka a bakin mata suke tafiya, inda babu uwa Bahaushiya ba mai rera wa jariri. Sannan Musulmi ne, jagororinsu malamai, abin da suka ga ya wajaba su tsare shi ne salla da allo. Amma babban dalili a wurina yana cikin yadda muka gina kiɗanmu. Gangar Bayarabe ta sami mafaka a ɗakin bautar Shango da Ogun, inda ba a ibada sai da ita. Kiɗan ɗan Angola ya sami mafaka a da'irar rawa, inda duk mai tafin hannu makaɗi ne. Namu sana'a ce ta gado, ɗaure da sarauta da sana'ar wani. Makaɗin fada ba shi da sarki a Bahiya. Mai gangar noma ba zai zuga bawa ya ƙara wa Bature rake ba. Ko da an kamo maroƙi an tsallaka da shi, ba wanda zai wasa, ba mai yi masa kari, ɗansa kuma mallakar wani ne. Kiɗa ɗaya ne ya rage da aikin yi a wurin, na yaƙi, shi ne kuwa aka kama.

Duk da haka ba a manta da su ba. A 1979 mutanen Itapuã, unguwar tashin 1814, suka kafa ƙungiyar kanibal mai suna Malê Debalê don tunawa da Musulmin 1835, a sahun Ilê Aiyê ta 1974 da Olodum ta 1979. Da na fara ganinsu a waya, ɗaruruwan makaɗa da 'yan rawa, hawaye ya zo mini. A can ana fita titi da sunansu kowace shekara, a nan kuwa na koyar da tarihi shekaru masu yawa ban taɓa ganin sunan Dandará a littafin aji ba.

Sauran kiɗan masu harshen Fotugal da kaɗan-kaɗan ya riƙa iso mu. Kowa ya san karin Lambada na 1989 ko bai san sunansa ba, don har motoci sun riƙa rera shi in suna ja da baya a tashar Dutse. Asalinsa ma na wata ƙungiyar Bolibiya ne aka ɗauka ba izini. Wanda ya zauna mini a rai kaset ne da wani aboki mai zirga-zirgar Maraɗi ya kawo mini, na Cesária Évora, matar Mindelo ta Kabo Verde da ke hawa dandali ba takalmi. Kiɗanta morna, mai tafiya a hankali. Kabo Verde tsibirai ne na fari, yunwar shekarun 1940 ta kashe dubun dubata, waɗanda suka rage da yawa aka kwashe su aikin ƙwadago a gonakin koko na Sawo Tome, kuma a kan wannan rabuwa shahararriyar waƙarta "Sodade" take. Wanda ya ga farin 1973 a ƙasar nan, ya ga magidanta suna rufe ɗaki suna tafiya cirani ba ranar dawowa, ba ya bukatar tafinta. Haka "Asa Branca" ta Luiz Gonzaga, ta 1947, waƙar manomin arewa maso gabashin Barazil da fari ya kora, da akodiyon da ganga da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku. Matan tsibirin Santiago kuma dunƙulen zane suke matsewa a cinya su buga, shi ne batuku, na Gini-Bisau kuwa ƙwarya suke kifewa a kan ruwa a cikin baho, daidai yadda iyayenmu mata ke yi, su kira shi tina.

Fado na Lisbon bai kama ni kamar waɗannan ba, ko da yake na san darajarsa: murya ɗaya, gita mai tsirkiya 12, da kukan ƙaddara. Abin da na riƙe game da shi na shekarar 1999 ne. A watan Yuni Shata ya rasu, a watan Oktoba mawaƙiyar fado Amália Rodrigues ta rasu. Fotugal ta yi mata makokin ƙasa na kwana uku, a 2001 aka mayar da gawarta inda ake binne manyan ƙasa. Fado yana da gidan tarihinsa a unguwar Alfama, UNESCO ta sa shi a jerin gadon duniya a 2011, morna a 2019, kamar yadda ta karrama kiɗan timbila na mutanen Chopi a Mozambik tun 2005. Shata yana kwance a Daura, waƙoƙinsa kuma da yawa masu shagon kaset ne da masoya suka tsare mana su da kuɗin aljihunsu.

Kwanan baya a kasuwar Shuwarin na tarar da wani tsohon mai kukuma da na sani tun yana da mataimaka. Yanzu shi kaɗai ne, 'ya'yansa sun kama acaɓa, masu biki sun koma hayar na'ura. Muka zauna a rumfar mai shayi na kunna masa abin da ɗana ya zuba mini a waya. Da ya ji berimbau ya ce, "Tsirkiya ɗaya da duma. Malam, wannan abokin sana'a ne." Da na sa masa gangunan samba ya tambayi mai ɗaukar nauyin wannan runduna haka. Na ce unguwa ce. Ƙungiyar samba ta Mangueira a birnin Riyo tun 1928 take, mutanen unguwa su ke shiri shekara guda, suna ɗinki, suna koya wa yara duka tun suna ƙanana. Ya ce shi kam bai taɓa jin an yi wa kiɗa adashi ba, amma abin ya yi.

Sai na sa masa aboio, kiran da makiyayan busasshiyar ƙasar arewa maso gabashin Barazil ke yi wa shanu, doguwar murya mai lanƙwasa, ba ganga ba tafi. Ban gaya masa ko mene ne ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Wannan ai Bafillace ne yake kora. Daga wace ruga?" Na ce daga bayan teku. Ya ce a sake sawa, ya ɗauko kukumarsa ya bi muryar, bai ɓata ba ko sau ɗaya.

Wasu masanan Barazil suna danganta wannan kira da tasirin Larabawan Andalus da ya biyo Turawan Fotugal, kuma kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujjar dangantaka. Amma masu wannan bincike ba su tashi suna jin Fulani suna kora a fadamun Kiyawa ba, ba su san karin goge da kukuma ba. Takardun shari'ar 1835 da layun da aka ƙwace suna nan ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahiya. Almajirin da ya sauke a tsangayar garinmu zai karanta ayoyin da ke cikin layun, abin da zai tsaya masa bayanan kotu ne da aka rubuta da harshen Fotugal. Ana koyar da harshen a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, kuma duk tsohon ɗalibina da ya zo gaishe ni daga Jami'ar Tarayya ta Dutse yana neman abin da zai yi bincike a kai, wannan nake ba shi.